Yadda ake shirya darasin abinci mai gina jiki ga yaran nazare a Bauchi

Yaro ɗan shekara huɗu ba shi ke cefane ba, ba shi ke ɗora tukunya ba. Duk malamar da za ta shirya darasin abinci ga 'yan nazare, daga nan ya kamata tunaninta ya fara. In ta tsaya gaban allo ta ce su riƙa cin nama da ƙwai da madara kullum, ta ɗora musu nauyin da ba nasu ba ne, wasu ma ta tura su gida da maganar da za ta sosa ran iyaye. Abin da ke hannun yaro kaɗan ne: ya san abincin gidansu da sunansa, ya yarda ya ɗanɗana abin da bai saba da shi ba, ya wanke hannu kafin ya ci, ya nemi ruwa in ƙishirwa ta kama shi, ya kai wa mahaifiyarsa saƙo guda da za ta iya aikatawa. A kan waɗannan biyar ake gina darussan zango gaba ɗaya.

Mataki na farko: a san abin da yaran ke ci

Makon farko ba na koyarwa ba ne, na lura ne. Lokacin tara, malama ta zauna cikin yaran ta ga abin da ke cikin kwanon kowa. Wani masa ce da ɗan sukari, wani taliya da manja, wani biskit da lemon kwali, wani kuɗi aka ba shi ya sayi awara a bakin ƙofar makaranta, wani kuwa bai zo da komai ba. A rubuta wannan a littafin da yara ba sa gani. Tambayar "me ka ci da safe?" a yi ta a hankali, yaro ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban aji ba. Yaron da ya fito bai karya ba, in aka tambaye shi gaban 'yan'uwansa, ko dai ya yi ƙarya ko ya sunkuyar da kai, kuma daga ranar darasin abinci ya zama masa abin gudu.

A cikin makon nan kuma a tambayi iyaye abu biyu: ko akwai abincin da ke sa wa yaron borin jini, kumburin leɓe ko amai, musamman gyaɗa, ƙwai, madara, kifi da waken suya, da kuma ko yana da sikila ko wata larura. A rubuta sunayen a manna cikin kabad ɗin aji. Mai sikila yana buƙatar shan ruwa akai-akai, kada a ce sai an fita tara.

Sai malama ta shiga kasuwa da idon darasi. Mai koyarwa a cikin garin Bauchi ta leƙa Muda Lawal ko Wunti ta ga abin da ya yi araha a makon. Ta Azare, Misau ko Ningi za ta fi ganin gero, dawa, wake, riɗi da nono. Ta Dass, Tafawa Ɓalewa ko Bogoro tana da acca da masara kusa da ita. Abin da uwa za ta iya saya da ɗan canjin hannunta ko ta tsinko a bayan ɗaki, shi ne kayan darasi. Hoton tuffa da inabi da ke cikin littattafan da ake sayarwa ba ya koya wa yaron Darazo komai game da miyar da zai ci da daddare.

Mataki na biyu: rukuni uku sun isa

Ba a koya wa ɗan nazare sunayen sinadarai. Ana koya masa aikin abinci a jikinsa, cikin harshen da yake ji. Abinci mai ba da ƙarfi: tuwo, shinkafa, masa, fura, dankali, rogo, acca, mai. Abinci mai sa girma: wake, gyaɗa, awara, ƙosai, alale, ƙuli-ƙuli, ƙwai, nono, kifi, nama. Abinci mai korar cuta: zogale, kuka, rama, alayyahu, yakuwa, kabewa, karas, tumatir, mangwaro, gwanda, gwaiba, lemu.

A kula da jerin rukuni na biyu: wake da gyaɗa da awara ne a gaba, nama a ƙarshe. Da gangan ne. Ɗan gidan da ake cin garau-garau ko faten wake ya ji cewa abincin gidansu yana sa girma, domin gaskiya ne.

Malama ita kanta ta san cewa rabon nan sauƙaƙawa ce. Gyaɗa tana sa girma kuma tana ba da ƙarfi saboda man da ke cikinta. Manja mai ne, amma cike yake da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. In yaro ya sa gyaɗa a rukunin ƙarfi, bai yi kuskure ba, kada a tsawata masa.

A samu faifai uku, ko tire uku masu launi daban-daban, su zama gidajen rukunan har ƙarshen shekara. A haɗa da 'yar amshi da malama za ta tsara da kanta, a riƙa buɗe kowane darasi da ita:

"Tuwo me yake yi?"
"Yana ba da ƙarfi!" (su ɗaga damtse)
"Wake me yake yi?"
"Yana sa girma!" (su miƙe a kan yatsun ƙafa)
"Ganye me yake yi?"
"Yana korar cuta!" (su kaɗa hannu kamar masu kora)

Mataki na uku: a jera darussa bisa yanayi

Darasi ɗaya a mako, saƙo ɗaya a darasi, sannan a maimaita saƙon na minti biyu kowace rana lokacin tara. Wannan ya fi darasi mai tsawo sau ɗaya a wata.

Zangon farko ya faɗo cikin kaka, wato lokacin da gida ke cike da sabon gero, masara, gyaɗa, wake da kabewa. Nan ake kafa rukuni uku, domin iyaye ba sa jin nauyin bayar da ɗan zangarniya ko ƙwaryar wake. Ranar 15 ga Oktoba ita ce ranar wanke hannu ta duniya, 16 ga wata kuma ranar abinci ta duniya, don haka makon ya dace da gayyatar iyaye. Zango na biyu na kayan lambu ne: karas, kabeji, tumatir, latas da lemu suna araha da hunturu. Daga Maris zafi ya shigo, darasi ya koma kan ruwan sha, kankana da mangwaron farko. Zango na uku ya haɗa da saukar damina, ganye ya wadata, ƙuda ma ya wadata, gudawa ta yawaita. Darussansa su ne ganyen miya, shuka, rufe abinci da wanke 'ya'yan itace. Daga nan har zuwa sabon amfani rumbun gidaje da yawa ya yi ƙasa, saboda haka a daina cewa yara su kawo kayan darasi daga gida.

In azumi ya faɗo cikin zango, a tuna cewa a wasu gidaje ba a ɗora tukunyar rana, ƙananan yara sai ɗumame ko abin da ya rage na sahur. Saƙon wannan wata ga iyaye shi ne a ware wa ƙananan abincinsu na safe da na rana.

Mataki na huɗu: darasi guda, daga farko zuwa ƙarshe

'Yan shekara uku ba sa wuce minti 10 zuwa 15 hankalinsu na wuri ɗaya. 'Yan huɗu da biyar za su kai minti 20 in hannunsu na aiki. Ga misalin darasin karas da kabewa ga aji mai yara 30, 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Saƙon shi ne: abinci mai launin ruwan lemu yana taimakon ido.

Kayan aiki: karas matsakaita guda takwas da aka kankare aka dafa har suka yi laushin da cokali zai raba su, kabewa yanka ɗaya babba da aka dafa, ɗanyen karas biyu da ganyensu, guntun ɗanyar kabewa da 'ya'yanta, jakar atamfa, faifan nan uku, roba mai murfi, cokula ko tsabtatattun faranti. A yi dahuwar da safiyar ranar, ba daren jiya ba.

Wanke hannu ya zo kafin darasi, ba ya cikin lissafin minti 20. Yara su zauna da'ira a tabarma. Minti biyu na farko na amshi ne. Minti huɗu na gaba na jakar ɓoye: a sa ɗanyen karas a jaka, yaro ya zura hannu ba tare da ya leƙa ba, ya faɗi abin da ya ji, doguwa ce ko gajeriya, da tauri ko da laushi. Yara uku ko huɗu sun isa, sauran a ba su nasu zagayen mako mai zuwa, a rubuta sunan waɗanda suka yi don kada a riƙa maimaita masu baki kaɗai. Sai a fito da shi a zagaya da shi, kowa ya taɓa ya shinshina. Gani ya kori ji, a wannan shekarun kuwa taɓawa ta fi duka biyun.

Minti uku na magana: malama ta ce su rufe ido, su buɗe, ta tambaye su me ido ke yi mana. Sannan ta faɗi saƙon sau uku da kalmomi iri ɗaya, ta tambaye su wane abinci kuma suka sani mai wannan launi. Za su kawo mangwaro, gwanda, manja. Wani zai ce lemon kwalba. Kada a yi dariya, a ce masa launin ya yi daidai, amma wancan rini ne da sukari, ba a gona ya tsiro ba.

Minti bakwai na ɗanɗano, minti biyu na ajiye karas da kabewa a faifan da ya dace, minti biyu na ƙarshe kuma na saƙon gida: "Ku ce wa Umma yau kun ci kabewa, tana da kyau ga ido." Jimla ɗaya, su maimaita ta har ta zauna.

Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malama ɗaya ga yara 25 a nazare, amma a makarantun gwamnati da yawa aji ya zarce haka nesa. In yaran sun kai 50 ko 60, a raba su gida biyu ko uku, mai taimaka wa malama ta riƙe sauran da zane ko wasan ƙasa, a yi darasin sau biyu. Ɗanɗano da yara 60 lokaci ɗaya ba ya yiwuwa cikin aminci, domin ido ɗaya ba zai ga wanda ya ƙware ba.

Mataki na biyar: ɗanɗano, inda ake samun nasara kuma inda haɗarin yake

Kason kowane yaro ɗan kaɗan ne, kamar cikin ƙaramin cokali ɗaya ko biyu. Ba ciyarwa ake yi ba, gabatarwa ake yi. Yawa yana tsorata yaron da bai saba ba. Malama ta fara ci a gabansu, fuskarta a sake. In ita ba ta son zogale, yaran za su gane kafin ta buɗe baki.

Ba a tilasta wa yaro, ba a yi masa ɗure, ba a ce "in ka ci zan ba ka alawa". Wannan alkawari yana koya masa cewa alawa ce abin so, kabewa kuwa wahala ce da ake sha kafin a kai gare ta. Wanda ya ƙi, a ce masa ya taɓa ko ya shinshina, ya isa na yau. Ƙin sabon abinci ɗabi'a ce ta yara tsakanin shekara biyu zuwa biyar, kuma sau da yawa sai an kawo abu sau goma ko fiye kafin yaro ya karɓa. Shi ya sa kabewar da aka kawo a mako na uku za ta sake dawowa a na shida da na tara, wani lokaci a dafe, wani lokaci cikin fate. A kuma hana "ƙazanta ne" da "wa zai ci wannan?" a kan abincin wani. Ga yaran Musulmi akwai hujja kusa: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. A ajin da ke haɗe da yaran Kirista, kowa ya yi addu'ar cin abinci yadda aka koya masa a gida.

Abin da ke maƙale wa yaro a maƙogwaro shi ne ƙarami, mai tauri, mai siffar ƙwallo. Gyaɗa ɗaya-ɗaya, aya, gurjiya, gugguru, dabino da ƙwallonsa, magarya, alawa mai tauri, ɗanyen karas da aka yanka kamar kwabo, duk ba sa shiga darasin 'yan ƙasa da shekara biyar. Gyaɗa a kawo ta a niƙe, cikin kunu ko garin ƙuli-ƙuli. Karas a dafa, a tsaga shi ta tsawo. Kankana da lemu a cire 'ya'yan. Kifi a bi shi da yatsa a zare ƙaya. Yara su ci a zaune, ba gudu, ba a sa su dariya ko waƙa da abinci a baki.

In yaro ya ƙware yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari, ya kasa kuka, a sunkuyar da shi gaba a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau biyar. In abin bai fito ba, a tsaya bayansa, a sa dunƙulen hannu sama da cibiya kaɗan, a ja ciki da sama sau biyar, a riƙa sauya biyun yayin da wani ya tafi neman abin hawa. Kada a ba shi ruwa, kada a zura yatsa ana laluben abin da ba a gani. Kumburin leɓe ko fuska tare da wahalar numfashi bayan cin wani abu, wannan asibiti ne nan take.

Nonon da za a kawo aji sai wanda aka tafasa madararsa, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da cutar da ke kama mutum daga shanu. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna, ta canja launi ko take ɗaci, a zubar, gubar da ke cikinta tana cutar hanta kuma wuta ba ta kashe ta. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye, balle da zafin Afrilu.

Wurin wanke hannu

Kwano ɗaya da yara 30 za su tsoma hannu a ciki yana raba cuta ne kawai. Ruwa ya zama mai zuba. Buta ɗaya kuma za ta cinye rabin lokacin darasi. Mafita ita ce jarka mai lita biyar: a ɗumama ƙusa a huda ta ƙasa da murfi kaɗan, a zura sanda ta hannunta a ɗora kan itace biyu masu gwafa, a ɗaure igiya daga wuyan jarkar zuwa wata sanda a ƙasa, yadda in yaro ya taka, jarkar za ta karkata ruwa ya zubo siriri. A rataye sabulu da igiya a gefe, a zuba tsakuwa a ƙasa don kada wurin ya caɓe. Tsayinta ya dace da ƙugun yaro. Biyu sun ishi aji mai yara 30. Cuɗawa da sabulu ta kai daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a bar hannu ya bushe a iska, ba tsumma ɗaya ga kowa ba.

Shuka a gwangwani

A huda gindin gwangwanin madara, a cika da ƙasa, kowane yaro ya binne ƙwayar wake biyu. Cikin kwana uku zuwa biyar za su tsiro. Yara suna kashe shuka da yawan ruwa, don haka a ƙayyade murfin jarka biyu a rana. In akwai fili, alayyahu yana isa tsinka cikin mako huɗu zuwa biyar, wato za a ci shi kafin hutu. A fara yin shinge kafin a shuka, saboda awaki.

Mataki na shida: saƙo ya isa ga mai tukunya da mai cefane

Taron iyaye ɗaya a zango, na minti 40, a yi shi da aiki ba da lacca ba. Abin da ya fi karɓuwa shi ne haɗin garin kunun da ake kira Tom Brown: awo shida na gero, dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, da gwangwani ɗaya za a auna duka. A jiƙa waken suya, a murje ɓawonsa, a shanya, a soya shi sama-sama har ya yi ƙamshi. Wannan suyar ba a tsallake ta, domin ɗanyen waken suya yana hana narkewar abinci. A soya gyaɗar a murje, a wanke hatsin a shanya a ɗan soya, a niƙa gaba ɗaya. A dama da ruwa a dafa a wuta kamar minti goma, da kaurin da ba zai tsiyaye daga cokali ba. Kunu tsararo yana cika ciki da ruwa, yaro ya ƙoshi bai ci komai ba.

A wurin taron ake faɗin ƙananan gyare-gyaren da ba sa cin kuɗi. Ganyen zogale da kuka a shanya su a inuwa, rana tana rage musu amfani. A rage kanwa a miya, a daina dafa ganye har ya mutu a zubar da ruwan. A sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a kwaɗo, domin bitamin A sai da maiƙo jiki ke ɗaukarsa. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin da ke ƙara jini, lemu ko gwaiba bayan wake kuwa suna taimaka masa. A sayi gishiri mai aidin a rufe shi, shi ke hana maƙoƙo kuma ƙwaƙwalwar yaro na buƙatarsa. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a man girki, sukari da fulawa da kamfanoni ke yi, alamarsa ita ce tambarin ido a jikin leda ko galan. A zuba wa ƙaramin yaro a kwanonsa daban, saboda in ya ci da yayyensa kafin ya kai loma uku sun share. Inda ake cewa ƙwai yana sa yaro sata, a yi maganar da ladabi, a bar wata dattijuwa da ake jin maganarta ta faɗa musu ba haka ba ne.

Kuɗin cefane a hannun maigida yake a yawancin gidaje, shi kuma ba ya zuwa taron mata. A bi ta kwamitin makaranta, mai unguwa, liman ko fasto, da saƙo gajere: kuɗin lemon kwali ɗaya ya sayi ƙosai ko awara.

Mataki na bakwai: aunawa, da abin da ya fi ƙarfin malama

Ba jarrabawar takarda. A mako na shida da na ƙarshe, a ba yaro abinci iri biyar ya raba a faifai uku, a duba ko yana zuwa wurin jarka ba a tuna masa ba, a duba ko ya taɓa, ya lasa ko ya ci abin ɗanɗano. Alama uku a gaban sunansa sun isa. In fiye da rabin aji sun kasa rabon, ba a ci gaba, a rage kayan zuwa uku a sake darasin.

Malama za ta ga abin da darasi ba ya gyarawa: yaron da ya rame, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, ko uwarsa ta ce yana tuntuɓe da magariba, wato dundumi. A danna saman ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in rami ya zauna a duka biyun, alama ce ta tamowa mai tsanani, a kai shi asibiti ranar. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 da tsiri mai launi uku: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, daga 12.5 zuwa sama kore. Shugabar makaranta ta nemi ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ta zo ta auna yaran sau ɗaya a zango, ta kuma sanar da makaranta makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara, inda ake ba 'yan ƙasa da shekara biyar bitamin A da maganin tsutsar ciki kyauta. Malama ba ta ba da magani, ba ta kiran sunan cutar gaban yara. Ta kira uwar yaron gefe, ta ce mata, "Maman Aisha, na ga jikinta ya ɗan ja baya, don Allah a kai ta a auna," sannan bayan mako ɗaya ta tambaya ko an je, ta rubuta amsar a littafinta.